Barkwancin Ingila, tsofaffin katun da waƙoƙin gwanjo: kurakuran da masu saye da araha suka fi yi

Waɗanda suka taso a zamanin da NTA ba ta buɗe tasha sai ƙarfe huɗu na yamma sun san Frank Spencer na shirin Some Mothers Do 'Ave 'Em, mai 'yar hula da doguwar kwat, wanda duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Sun san ajin Mind Your Language, inda baƙi daga ƙasashe daban-daban ke koyon Turanci suna kwaɓa shi. Daga baya Mr. Bean ya zo ya mamaye shagunan aski da falon gidaje. Yau kusan duk waɗannan ana samunsu da kuɗi kaɗan, domin Turawa sun koma kallo da sauraro ta intanet, suna fitar da faya-fayansu kwali-kwali. A shagunan ƙungiyoyin agaji na Ingila, irin su Oxfam, faifan waƙa ko na fim yakan tashi a fam ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka. A nan gida kuma ga 'yan gwanjo, ga masu turi a waya.

Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan harka ba arahar ce ke cutar mutane ba. Abin da ke cutarsu shi ne kwaɗayin yawa, da sayen abin da ba su san lissafinsa ba.

Faifan da aka ce yana ɗauke da komai

Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, wato wajen awa biyu na hoto mai kyau. Mai shimfiɗa biyu yana ɗaukar 8.5. To idan aka miƙo maka faifai ɗaya aka ce akwai awa talatin a ciki, ka san an matse hoton ne har ya fita hayyacinsa. A fim ɗin faɗa ƙila ka haƙura. A barkwancin Ingila ba za ka iya ba, domin rabin dariyar a fuska take. Rowan Atkinson, wanda ke fitowa a Mr. Bean, yana iya yin minti guda bai ce uffan ba, gira da leɓe da ƙwayar ido ne kawai ke aiki. Idan fuskar ta zama dusu-dusu, me ka saya? Wani lokaci kuma murya takan riga baki ko ta makara, sai ka ji 'yan kallo sun fashe da dariya kafin abin dariyar ya faru.

Maganin wannan a gaban mai kaya ake yin sa, ba a gida ba. Ka ce masa, "Malam, don Allah saka mini in gani." Zai saka kashi na farko, domin shi ne kullum mai kyau. Ka ce, "A'a, kai ni na ƙarshe, ka kuma tsallaka tsakiya." Idan ya fara cewa, "Haba Alhaji, ai ba ma sayar da jabu a nan," ka yi murmushi ka nace. Mai kayan kirki ba ya ƙin gwaji.

Sannan ka san adadin abin da kake nema tun kafin ka fita. Mutanen Birtaniya ba sa jan shiri kamar Amurkawa. Zango ɗaya yawanci kashi shida ne. Mr. Bean na asali, wanda ITV ta nuna daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 ne kacal. Duk wanda ya ce maka yana da zango goma, ko dai ya haɗa maka da na katun da aka fara a 2002, ko kuma gutsattsari ne aka yanka aka maimaita da sabon suna. Fawlty Towers kashi 12 ne, shida a 1975, shida a 1979, kuma marubutansa, John Cleese da Connie Booth, ba su ƙara ko ɗaya ba. The Office na Ingila ma kashi 12 ne da na Kirsimeti biyu. Wancan mai zango tara na Amurka ne, kuma ɗanɗanonsu daban.

Shiga ta ƙofar da ba ta dace ba

Wannan shi ne ke sa mutane da yawa su yanke hukunci cewa Turawan Ingila ba su iya ban dariya ba. Mutum ya ji ana yabon Monty Python, ya nemo, ya zauna minti ashirin bai ko murmusa ba, ya kashe. Ba laifinsa ba ne. Shirin, wanda BBC ta nuna daga 1969 zuwa 1974, yana yi wa salon shirye-shiryen talabijin na wancan lokaci ba'a ne, da malaman jami'a, da sojoji, da ma'aikatan ofis na ƙasarsu. Wanda bai san abin da ake kwaikwaya ba, shirme kawai zai gani.

A fara da waɗanda jiki ke magana a cikinsu: Mr. Bean, Some Mothers Do 'Ave 'Em, ko Shaun the Sheep na kamfanin Aardman da ke Bristol, wanda babu kalma ɗaya ta magana a cikinsa, kuma kaka da jika za su kalla tare. Daga nan a hau Fawlty Towers, labarin mai otal a garin Torquay da ke raina baƙinsa, yana rusuna wa masu sarauta, yana tsoron matarsa. Akwai gudu da faɗuwa da za su riƙe ka kafin kunnenka ya saba da maganar. Keeping Up Appearances ma yana da sauƙin shiga, domin kowace unguwa tana da irin Hyacinth, matar da ke ƙaryar arziki tana ɓoye danginta talakawa kada maƙwabta su gani.

A ganina, Bahaushe ya fi mutane da yawa dacewa da wannan barkwanci idan ya haye matakin harshe, domin gininsa gatse ne da shaguɓe, a faɗi baƙar magana da fuska a sake kamar ana gaisuwa. Mun san wannan a wasan taubasai da hirar majalisa. Kuskuren shi ne a tsaya jiran wani ya faɗi ƙasa ko a yi ihu. Ka saurari abin da aka faɗa, ka auna shi da abin da ake nufi. Dariyar tana tsakaninsu. Babu inda wannan ya fito fili kamar Yes Minister, wanda aka fara a 1980. Sabon minista, Jim Hacker, ya shigo da zafin kawo gyara, babban sakatarensa Sir Humphrey kuma yana amsa masa da ladabi iya ladabi alhali yana binne kowane ƙudiri a cikin kwamiti da takardu. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur a sakatariya zai ga kamar da shi ake, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda tsarin aikin gwamnatin Najeriya daga wurinsu aka gaje shi.

Blackadder yana da tarkonsa na daban. Tsari ya ce a fara da zangon farko na 1983, amma shi ne mafi rauni, inda Atkinson ya fito a wawa. A zango na biyu, 1986, da Ben Elton ya haɗu da Richard Curtis wajen rubutu, aka mayar da shi mai kaifin harshe, shirin ya samu kansa. Kowane zango zamaninsa daban, don haka babu abin da za ka rasa idan ka fara da na biyu. Na huɗu, na 1989, a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya yake, kuma ƙarshensa ba na dariya ba ne. A shirya masa.

Sai maganar kunne. Turancin makaranta ba zai ishe ka da Only Fools and Horses ba, domin Del Boy ɗan kasuwar bayan fage ne a unguwar Peckham ta kudancin Landan, yana magana da karin 'yan unguwa. Kunna rubutun ƙasan allo ba abin kunya ba ne. Amurkawa ma suna kunnawa. Faifan asali yawanci yana da shi, kuma ana rubutawa a bayan kwali. Na jabu ko dai babu, ko kuma rubutu ne da aka juyo daga wani harshe da na'ura, wanda ya fi maganar kanta rikitarwa.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka kira barkwanci na zaman iyali ne. A kwalin faifan Birtaniya akwai tambarin shekaru: U, PG, 12, 15 ko 18. A duba kafin a tara yara. Shirin Benny Hill, alal misali, cike yake da mata masu ƙarancin sutura, ba abin da za ka kunna gaban surukai ba ne. Mind Your Language kuwa, duk da ƙaunar da ake masa a nan, tashar da ta yi shi ta dakatar da shi a 1979 saboda yadda yake zana baƙi da siffofin raini. Ana iya kallo a yi dariya, amma a san abin da ake kallo.

Ba kowane Tom da Jerry ne Tom da Jerry ba

Iyaye sukan ce a turo wa yara Tom and Jerry, a turo musu ɗaruruwa, su yi mamakin me ya sa wasu ke da daɗi wasu kuma lami. Dalili shi ne hannaye daban-daban ne suka yi su. William Hanna da Joseph Barbera sun yi 114 wa kamfanin MGM daga 1940 zuwa 1958, kuma bakwai daga ciki sun ci kyautar Oscar. Waɗannan ne gangariya. Ana gane su da sunan furodusa Fred Quimby a yawancinsu, da kiɗan Scott Bradley, wanda ke bin kowane taku na kyanwa da ɓera kamar makaɗi na bin ɗan dambe. A 1961 da 1962 Gene Deitch ya yi 13 a birnin Prague da kuɗi kaɗan. Motsinsu a sandare yake, sautinsu na amsa kuwwa. Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967, inda Tom ya samu kaurin gira, Jerry ya samu manyan kunnuwa. Na talabijin na 1975 kuwa har abota aka ƙulla musu, wanda ya kashe wasan gaba ɗaya.

Idan kana so ka ga bambancin a cikin minti bakwai, nemi The Cat Concerto, inda Tom ke kaɗa fiyano a gaban jama'a, Jerry na barci a cikin fiyanon. Ka lura da yatsun Tom: suna sauka daidai da kiɗan. Kowane motsi da hannu aka zana shi, takarda bayan takarda. Shi ya sa kallon irin wannan da sautin waya mai ƙara kamar gwangwani, ko a wajen da janareta ke ruri, asara ce. Haka na Warner Bros suke, Bugs Bunny da sauransu, da kiɗan Carl Stalling.

Kuskure na gaba a rimot yake. An yi yawancin waɗannan katun, da kusan duk shirye-shiryen Ingila na kafin ƙarshen shekarun 1990, a kan allo mai siffar 4:3. Talabijin na yanzu 16:9 ne, mai faɗi. Mutane ba sa son ganin baƙin fili a gefe biyu, sai su ja hoton ya cika allo, kowa ya koma gajere mai ƙiba, ƙwallo ta zama ƙwai. Wasu kuma sukan zuƙo hoton, kai da ƙafa su yanke. A shiga saitin hoto a mayar da shi 4:3, a bar baƙin gefen. Bayan minti biyu ido ya manta da shi. A YouTube ma a kula: masu ɗora na sata sukan yanke gefe, su juya hoton hagu zuwa dama, ko su sauya saurin murya don kada a kama su. Akwai tashoshin masu abin da kansu, kamar ta Mr Bean da WB Kids da BBC Comedy Greats, kyauta, hoto garau. Data kawai za ka kashe.

Faya-fayan nan masu cewa katun ɗari a kuɗin ɗaya galibi ba sata ba ne. Tsofaffi ne da haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kamar Superman na kamfanin Fleischer na farkon shekarun 1940 da wasu na Popeye, don haka kowa na iya bugawa. Sai dai daga kofe mai dusashewa ake kwafo su, launi ya koɗe, sauti na shuu. Ga mai son tarihi suna da amfani, amma yaro zai gudu ya bar ka da su.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ba don yara kaɗai aka yi waɗannan ba. A sinima ake nuna su kafin babban fim, ga manya da yara. Akwai shan taba, akwai bindiga, akwai kuma zanen baƙar fata da 'yan Afirka da manyan leɓɓa da ƙashi a hanci. Tun 1968 aka janye guda 11 na Warner Bros daga talabijin a Amurka saboda wannan, kuma wasu faya-fayan asali na ɗauke da gargaɗi a farko. Na gwanjo da na turi ba su da mai tacewa. Uba ko uwa su fara kallo, ko aƙalla su zauna tare da yaran, domin yaro baƙar fata zai tambaya, kuma gara ya tambaye ka.

Faifan da ya ƙi buɗewa

An raba duniya shiyya-shiyya a harkar DVD, injin wata shiyya kan ƙi buɗe faifan wata. Amurka da Kanada shiyya ta 1, Birtaniya da Turai ta 2, Najeriya da Nijar da yawancin Afirka ta 5. Lambar tana bayan kwali a cikin ɗan zanen duniya. Abin dariya, ƙananan injinan DVD masu araha da ke kasuwanninmu yawanci ba ruwansu da shiyya, masu tsadar ne ke ƙi. A kwamfuta kuwa a yi hattara: takan ba ka damar sauya shiyya sau biyar ne, daga nan ta kulle a kan ta ƙarshe. Manhajar VLC sau da yawa tana buɗe faifan ba tare da an taɓa wannan saiti ba. A Blu-ray babu wannan damuwa da kayan Ingila, tunda Turai da Afirka duk shiyyar B suke.

Masu oda daga waje kuma sukan manta cewa kuɗin aike yana iya ninka kuɗin faifan sau da yawa. Gara a tara a ba matafiyi, a cire robobin a bar faifai da takardarsa, nauyi ya ragu.

Waƙa: sunan mawaƙi a kwali bai isa ba

Wannan ne tarkon da ya fi kama har waɗanda suka san kan abu. Ka ga faifai da hoton mawaƙin da kake so da jerin shahararrun waƙoƙinsa, farashi kamar kyauta. Ka kai gida, murya ita ce amma ta tsufa, kiɗan kuma na na'ura ne. Abin da ya faru shi ne, ainihin rikodin yana hannun babban kamfani, sai ƙaramin kamfani ya ɗauko mawaƙin bayan shekaru ashirin ko talatin ya sake rerawa. Sukan faɗa, amma da ƙananan baƙaƙe a can ƙasan kwali. Akwai ma waɗanda ba mawaƙin ba ne sam. Jerin faya-fayan garmaho na Top of the Pops da aka fara fitarwa a Ingila a 1968, mawaƙan haya ne marasa suna ke kwaikwayon waƙoƙin da ke tashe. Ka juya kwali ka karanta: wane kamfani, wace shekara aka ɗauki sautin.

Amma ba kowace araha ce abin zargi ba. A Birtaniya, sautin da aka fitar kafin 1963 haƙƙinsa ya faɗi, domin lokacin shekara 50 doka ta ba shi, ƙarin da aka yi zuwa 70 a 2013 kuma bai waiwayi waɗanda suka riga suka faɗi ba. Shi ya sa za ka ga kwali mai faifai uku ko huɗu na Nat King Cole, ko tsofaffin waƙoƙin Jim Reeves da iyayenmu suka so, a kuɗi kaɗan, kuma ainihin muryar ce. Ingancin sautin ne ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a nan ma kunne ne alƙali.

Wajen duba faifan gwanjo, mutane sukan kalli ƙasa mai sheƙi kawai. A CD, gefen rubutu ne ya fi haɗari, domin bayanan suna dab da shi. Ƙarzuwa a nan ba ta gyaruwa. Ɗaga shi sama ka fuskanci haske, idan ka ga ƙananan huda haske na ratsawa, ajiye shi. A ƙasa kuma, ƙarzuwar da ta bi zagaye ta fi wadda ta taso daga tsakiya zuwa baki illa. Faifan kamfani ƙasansa azurfa ne. Idan ka ga kore-kore ko shuɗi a CD, ko ruwan hoda mai duhu a DVD, a kwamfuta aka ƙona shi, kada ka biya kuɗin na asali.

Masu turi suna da nasu. Waƙar da aka matse a 128 kbps, wato ma'aunin ingancin sautin MP3, tana cin kusan mega ɗaya a minti, ta 320 kuma kusan biyu da rabi. Wasu sukan ɗauki ta 128 su juya ta zuwa 320, girma ya ƙaru, sauti na nan yadda yake, domin abin da aka zubar ba ya dawowa. Tsofaffin waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya Jos sun sha wannan wahala: daga kaset zuwa kaset, zuwa waya, zuwa wata wayar, har kalangu ko kuntigi ya koma kamar ana buga kwano a ɗaki na uku. Idan ka samu kofe mai tsabta, riƙe shi da kyau. Mawaƙin da ke raye kuma, in da hali a saurare shi ta inda wani abu zai shiga aljihunsa.

A kuma bambance haya da saye. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, da Boomplay da makamantansu, haya ce. Waƙoƙin da ka sauke a cikin manhajar da kuɗin wata, ranar da ka daina biya sun rufe, kuma sau da yawa kuɗin na fita daga katinka kowane wata ko ka saurara ko ba ka saurara ba. Ga mai sauraro kullum, hayar ta fi araha nesa ba kusa ba. Ga wanda faifai goma ne abin ƙaunarsa, yana maimaita su shekara da shekaru, saye ya fi.

Ajiya

Faifai ba ya son rana. Wanda aka bari a gaban mota a watan Afrilu zai lanƙwashe kafin la'asar. Ƙurar hunturu kuma, idan aka goge ta da gefen riga ana zagayawa, ita ce ke haifar da ƙarzuwar zagayen nan. A goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki. Faifan garmaho a tsaye ake jera shi, ba a kwance wani kan wani ba.

Mafi kyau a kwafe abin da aka saya a kwamfuta, a ajiye a wuri biyu. A nan ne memorin jabu ke yi wa mutane ta'asa: yana nuna giga 64 alhali 8 ne a cikinsa, yana karɓar duk abin da ka tura, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar fayilolin sun lalace. Kafin ka amince da sabon memori, cika shi taf, ka buɗe fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ko ka gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta. Idan kuma za ka tura wa wani bidiyo ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton kafin ya isa.